Ba Direba Ne Ya Tsawwala Kuɗin Tiya Ba

Da zarar tiyar gero ta tashi a kasuwar Dakoro, ko buhun shinkafa ya ƙara jika guda, ba a wahalar neman mai laifi. Masu motoci ne, in ji jama'a, sun ƙara kuɗin dako. In mota ta kife a hanyar Maradi, to direba ne, ya cika lodi, yana gudun wuce sa'a. Har gobe akwai gidajen da in saurayi ya zo neman aure aka ce yaron mota ne, sai fuskar iyaye ta canza, "ɗan tasha" kuwa ya zama zagi. Wannan ra'ayi ya yi kaka-gida a zukatanmu, kuma zalunci ne.

Mu ne fa masu alfahari da madugu da fatake, waɗanda suka kora ayarin raƙuma da jakuna da gishiri da kanwa suka komo da goro da tufafi. Aikinsu ne direban gingimari ya gada. Alhazan Maradi da ake ji da su, da fataucin gyaɗa da safarar kaya zuwa Najeriya suka yi arziki, kuma ba a ka aka ɗauko kayan nan ba.

Dakoro tana fiye da kilomita 100 arewa da Maradi, a inda gonaki ke ja da baya makiyaya ta fara. Ba kogi, ba layin dogo. Shanu da tumaki da waken da ke fita, sukari da siminti da maganin asibiti da ke shigowa, duk a kan taya suke tafiya. A yunwar 2005, lokacin da Dakoro ke cikin wuraren da abin ya fi tsanani, abincin da ya ceci yara a bayan mota ya iso, kuma wani ne ya hana idonsa barci ya kawo shi.

To wa ke sa tsada? Nijar ba ta da teku, kayanta ta tashar Kwatano suka saba shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta rufe iyakoki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville da ke iyakar Benin da Nijar, kaya na lalacewa. Aka koma ɗauko kaya daga Lome, a ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, direba ya yi ta zaman jira kafin a ba da izinin tashi, ransa a hannun Allah saboda ƴan bindiga. Kafin nan Najeriya ta garƙame iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, hanyar Jibiya da Ɗan Isa ta mutu. A Mayun 2023 kuma aka janye tallafin mai a Najeriya, kuɗin man da ke tsallakowa yankin Maradi ya yi tashin gwauron zabo. A cikin waɗannan duka, wanne ne direba ya sa wa hannu?

Sai shingaye. Duk wanda ya taɓa bin motar dabbobi ya san yadda abin yake. Mota ta tsaya, yaron mota ya diro da takardu, da ƴar takardar kuɗi a ninke a tsakiya, domin ya san cikar takardu ba ta hana a ce masa ya faka gefe. Can baya rana na dukan shanu, an matse su kai da gindi. Ɗaya ya durƙusa, sauran suka fara tattaka shi, yaron ya haye ƙarfen mota, ya kutsa tsakanin ƙahoni yana jan wutsiya har ya miƙe. In san nan ya mutu, da direba za a yi rigima. Kowace tsayuwa kuɗi ce, kuma a kan mai sayen tiya take ƙarewa. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin CFA da kanta ta kafa sashen da ke ƙirga shingaye da cin hanci da ɓata lokaci a manyan hanyoyi, don haka ba ƙorafin tasha ba ne kawai.

Lodi fiye da kima yana kisa, wannan ba abin musu ba ne, mun binne mutane saboda shi. Amma a tambayi wanda ke loda motar. Mai mota ya yanke abin da za a kawo masa, mai kaya ya ce a ƙara buhu goma, direba ɗan albashi ne, in ya ƙi akwai masu jiran makullin. UEMOA tana da dokar nauyin kaya tun 2005. A bi mai mota da mai kaya da ita. Arewa da Dakoro kuwa, wajen Bermo, inda hanya rairayi ce, ƙauye kan yi kwanaki bai ga mota ba sai ranar kasuwa. Mace ta tsaya bakin hanya da yaro mai zazzaɓi a goye, mota ta riga ta cika. Masu zagin direba daga inuwar ofis su faɗa mana, ya ɗauke ta ko ya wuce?

Wasu na cewa jirgin ƙasa zai raba mu da wannan wahala. Madalla da layin Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021, Allah Ya sa a gama. Sai dai mun ga dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, bai sauke mana ko buhu ɗaya ba. Ko jirgin Kano ya iso, a Maradi zai tsaya, daga nan zuwa Kornaka da Dakoro da Sakkabal direban nan ne dai zai ɗauka. Abin da ya kamata mu tasa hukuma gaba a kansa shi ne ta riƙa gyara kwalta kafin damina ta cinye ta, ta kai hanya mai kyau arewa, ta kwashe shingayen da ba su tsare komai sai aljihun matafiya.