Ra'ayinmu: Kada ribar Ajame ta ƙare a gadon asibiti

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin kaya a Ajame ko Tireshbil cikin birnin Abijan ya san garba, wato aceke da soyayyen kifin ton, da barkono da albasa, a marmasa dunƙulen magi, sannan a kwarara man suya a kai. Sunan ma na Hausa ne, domin 'yan uwanmu na Nijar ne suka yi fice a sana'ar, kamar yadda ake kiran mai shayi "aboki". Ke nan mu ne masu saye, mu ne kuma masu sayarwa.

Rogo da kifi ba su da laifi. Illar tana cikin abubuwa uku: gishiri, sukari da tsohon mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali kusan rabin dunƙule gishiri ne. Ta kuma ba da shawarar kada sukari ya wuce kimanin giram 50, amma gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da wajen giram 35, ban da madarar gwangwani mai zaƙi da ake zubawa a shayin safe. Shi kuwa man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, cutar da jijiyoyin jini yake yi.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana tsaye a rumfarsa sai shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, jari ya tafi wurin magani, iyali a gida su shiga wani hali. Abin lura, cibiyar masu ciwon sukari ta CADA a Ajame take, asibitin zuciya na Abijan kuma a Tireshbil, duk kusa da kasuwanninmu.

Muna kira ga masu garba da masu shayi su riƙa sauya mai, su tambayi mai saye kafin su ƙara dunƙule ko sukari. Mai saye kuma ya ce a rage masa mai, ya sha ruwa maimakon lemo. Shugabannin 'yan kasuwa da limamai su gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa awon jini a cikin kasuwa. Sai da lafiya ake neman riba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.