In ta lalace, wa zai gyara?

Duk ranar da aka sauke sabon kayan yaƙi a Yamai, shafukanmu cika suke da hotuna da tafi. Haka muka yi a 2022 da jirage marasa matuƙi Bayraktar TB2 suka iso daga Turkiyya, haka muka yi a Afrilun 2024 da Rasha ta kawo kayan tsaron sararin sama. Ni ma ina so a ba sojojinmu kaya masu kyau. Amma ban taɓa ganin ɗayanmu ya tambayi wanda zai gyara su ba, kuma wallahi wannan shiru yana ba ni tsoro.

Bindiga tana da haƙuri: a goge ta, a sa mata mai, ta yi shekaru. Rediyon sadarwa, tabaran ganin dare, kamarar jirgi, na'urar da ke toshe siginar bam ɗin da aka binne a hanya, su ba su san haƙuri ba. Zafin Dirku da ƙurar hunturu suna cin batir, suna toshe fanka, allon ciki ya yi zafi ya ƙone. Kai da wayarka ke mutuwa a aljihu cikin watan Afrilu, ka san abin da nake nufi.

Rundunoni da yawa, har da ta Faransa, mataki uku suke raba gyara. Na farko aikin sojan da ke riƙe da kayan ne: ya share ƙura, ya duba eriya da wayoyi, ya yi caji, ya gwada kafin a fita sintiri. Na biyu ma'aikatar gyara ce kusa da fagen daga, inda gwani zai auna, ya cire sashen da ya mutu ya sa sabo, kayan su koma aiki ba tare da sun yi nisa ba. Na uku shi ne babbar ma'aikata ko kamfanin da ya ƙera: a buɗe cikin allon, a sake daidaita ma'auni, a sabunta manhaja. To nan ake riƙe wuyan ƙasa. In littafin gyara da na'urar gwaji da makullin manhaja duk suna hannun mai sayarwa, ranar da kuka ɓata ko kuka kasa biya, jirginku ya zama abin ado a rumfa.

Kuma gyaran iri biyu ne. Akwai na bayan lalacewa, wanda kowa ya sani. Akwai na rigakafi, wanda ake yi bisa kalanda ko awoyin aiki alhali abin bai nuna ciwo ba. Shi ne ba mu ɗauka da daraja, mu da ba mu kai babur wajen makanike sai ya tsaya a tsakiyar titi. Babur in ya mutu ka gani, ka sauka ka tura. Na'urar toshe bam kuwa tana iya raunana fitilarta na ci, direba ya taka hanya da yaƙinin an kare shi. Ba wanda zai gane sai an auna ta, ko sai ƙasa ta tashi.

Wasu za su ce sirrin tsaro ne, farar hula ya kama bakinsa. Mun ji wannan waƙar. Bayan Inates, 10 ga Disamba 2019, inda muka rasa sojoji 71, da Shinagodar, 9 ga Janairu 2020, inda muka rasa 89, binciken ma'aikatar tsaro ya fito da asarar miliyar 76 na sefa: kuɗin da aka kumbura, da kayan da aka biya ba su zo ba. Duk ƙarƙashin wannan sirri aka yi. Ku tsaya ku yi tunani: in an iya cin kuɗin kayan da ake ƙirgawa da ido, ina ga kuɗin gyara, wanda takarda ɗaya mai hatimi ta isa a ce an yi? Ba wanda ya nemi a faɗa masa mita nawa rediyon soja ke magana a kai. Nawa aka ware, nawa aka kashe, wa ya duba, wannan ba ya taimakon ɗan ta'adda da komai.

Yau maganar ta ƙara nauyi. Faransa ta fita a Disambar 2023, Amurka ta bar Agadas a 2024. Mun yi murna, kuma haƙƙinmu ne. Sai dai kayan da ke hannunmu yanzu gauraye ne: na Faransa, na Amurka, na Turkiyya, na Rasha, na Sin, kowanne da irin batirinsa da fulogonsa da harshen littafinsa. In babu kayan canji a ajiye, abin da ke faruwa a ko'ina shi ne a farke guda don a rayar da guda, har rediyo goma su koma huɗu, takarda kuwa tana nan tana cewa goma.

Tun 2023 muna zuba kuɗi a asusun FSSP, har daga kuɗin wayarmu. Wanda ya biya yana da bakin tambaya. Ina so a ware kuɗin gyara daban da kuɗin saye cikin kasafi, a bayyana jimillarsa. Kada a sake sa hannu kan kwangilar da ba ta zo da kayan canji na shekaru, da littattafai cikin harshen da gwanayenmu ke karantawa, da horo aƙalla har mataki na biyu ba. Ga matasa suna fitowa daga EMIG a Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi da takardun lantarki, da yawansu na zaune a fada suna dafa shayi. A ɗauke su, a horar da su, a biya su albashin da zai hana kamfanonin waya kwashe su. Kuma wanda zai binciki ko an yi gyaran, kada ya zama shi ne wanda ya ba da kwangilar.