Karatun Haruffan Jininmu Ba Almubazzaranci Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokonmu, har da wasu likitoci da masu tsara kasafin kuɗi, duk sa'ad da aka ambaci binciken jerin ƙwayoyin gado. Sai su ce wannan aikin ƙasashen da suka ƙoshi ne, mu da ba mu gama da zazzaɓin cizon sauro da ruwan sha ba, ina mu ina shi? Maganar tana da kamar hikima, amma kuskure ce, kuma gadajen yara a asibitocinmu su ne shaida.

Abin da ake bincikawa bai kai sunansa wuya ba. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai zaren DNA, wanda aka jera da sinadarai iri huɗu da ake kira nukiliyotaid, ana yi musu alama da A, T, G da C. Gadon mutum ɗaya yana da kusan biliyan 3 na waɗannan haruffa. Jiki yana karanta su uku-uku domin ya san irin furotin da zai gina. A wurin da aka rubuta yadda za a gina himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, rukuni na shida shi ne GAG. Idan harafin tsakiya ya sauya ya koma GTG, kuma yaro ya gaji wannan daga uwa da uba, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Wannan ita ce sikila. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu ita, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 a shekara. To, ta yaya karatun harafin da ke kwantar da yaranmu zai zama aikin wasu?

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara jerin haruffan wani sashe na DNA, har jiki ya koma yin irin himogulobin da jariri ke yi a ciki. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Masu waccan magana za su ce, ka gani, ya fi ƙarfinmu. Gaskiya ne ya fi ƙarfinmu, amma dalilin a fili yake: cutar tana nan, binciken yana can, kuma wanda bai sa hannu a noma ba, ba shi ke yanka wa hatsi farashi ba.

Ba kuma sai an jira magani mai tsada kafin a ga amfanin wannan ilimi ba. A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga cutar shan inna ta asali a Nijeriya ba, sai ta kama yara a Jihar Borno. Karatun jerin haruffan ƙwayar cutar ne ya nuna cewa ba daga waje ta shigo ba: dangin wadda aka gani a Borno a 2011 ce, ta yi shekaru tana yawo a yankunan da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wannan sani ya nuna inda za a kai allura. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar.

Masu cewa ba za mu iya ba kuwa, su dubi garin Ede a Jihar Osun. A watan Maris na 2020, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da hukumomin lafiya na ƙasa, ta fitar da jerin haruffan ƙwayar korona na farko a nahiyar nan.

Babban haɗarin ma shi ne dogaro da karatun wasu. Mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, amma mafi yawan waɗanda aka yi manyan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne. Da shirin H3Africa ya karanta gadon mutum 426 kacal daga ƙasashe 13, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Gwaji da ma'aunin maganin da aka gina a kan jinin wasu ba lalle su dace da mu ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mutanenmu suna da hujjar ɗari-ɗari da masu ɗibar jini. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma rufe ƙofa ba zai kare kowa ba. Abin da zai kare mu shi ne binciken ya zama namu: a yi wa mutum bayani da harshensa kafin ya yarda, a adana samfurin a nan, a karanta shi a nan, doka ta fayyace wanda ke da iko da bayanan.

Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Maiduguri da Sakkwato suna da majinyata da ƙwararru. Abin da ya kamata mu matsa wa gwamnoni da asusun TETFund a kai shi ne na'urorin karanta jeri, wutar da ba ta yankewa, da albashin da zai riƙe matasan da suka iya nazarin bayanan a kwamfuta. Idan mun ƙi, jininmu zai ci gaba da fita a kwalba, ya dawo mana a matsayin maganin da ba mu iya saye.