Wutar Gas Na Mutuwa Da An Saki Makunni: Masu Soka Tsinke, Ku Ji Tsoron Allah

Yau za mu ɗan ajiye batun waya da data a gefe, kuma gaskiya ba da fara'a na zo ba.

Kwanakin baya an kira ni wani gida a Yelwa in duba musu batirin sola. Matar gidan tana gasa kek na sayarwa a obin na irin murhun gas ɗin nan mai tsayuwa. Ina wucewa ta ƙofar kicin sai idona ya faɗa kan makunnin obin ɗin: an danna shi ciki, an cusa masa guntun tsinken tsintsiya da katin waya a naɗe don kada ya dawo. Na ce, "Hajiya, wannan fa?" Ta ce, "Ai Malam wutar ce ke mutuwa da na saki hannu. Mai gyara ya zo ya yi masa wannan dabarar, yanzu lafiya lau." Yara biyu na wasa a ƙasa, taku uku daga wurin.

Wallahi gabana sai da ya faɗi. Kuma ba wannan gidan kaɗai ba ne. Dabarar ta yaɗu, har a bidiyoyin TikTok da Facebook ana koyar da ita da sunan "gyara cikin minti ɗaya". Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Duk mai yin sa da mai koyar da shi, da rayukan mutane yake wasa.

ME YA SA WUTAR KE MUTUWA?

Ka leƙa kusa da inda wutar obin ke kamawa, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai kama da kan ƙusa, da siririn bututun tagulla a bayansa da ya tafi har bayan makunni. Sunansa tamokopul. Ni mai gadin wuta nake ce masa, don aikinsa ke nan.

A cikinsa akwai ƙarafa iri biyu da aka haɗe bakinsu. In wuta ta gasa mahaɗar, sai ya samar da 'yar wutar lantarki mitsitsiya, kamar milibolt 20 zuwa 30. Batirin tocila guda ɗaya milibolt 1,500 ne, ka ga ƙanƙantar abin. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya gano wannan tun 1821. Wannan 'yar wutar ce ke kunna wani ɗan maganaɗisu a cikin bawul, shi kuma ya riƙe ƙofar gas a buɗe. Da wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, maganaɗisun ya saki, sifirin ya tura ƙofar ta rufe. Yawanci cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka gas ya daina fita.

Shi ya sa ake cewa ka danna makunni ka riƙe na ɗan lokaci. Yatsanka ne ke riƙe ƙofar kafin mai gadi ya yi zafi ya karɓi aiki. Irin wannan ƙarfen ne a cikin tsofaffin tukwanen dumama ruwa na gidajen Ingila da Amurka, masu 'yar wuta da ke ci dare da rana, waɗanda kuke cin karo da bidiyon gyaransu a YouTube. Shi ne kuma a cikin wasu fitilun gas na dumama 'yan tsaki da masu kiwon kaji ke amfani da su.

To, idan ka cusa tsinke ka danne makunni, me ka yi? Ka ɗaure mai gadi, ka bar ƙofa a wangale. Iska ta kashe wutar ko gas ya ɗan yanke ya dawo, gas zai ci gaba da kwarara cikin akwatin obin, ba mai tsayar da shi. Sai Hajiya ta dawo ta ga kek bai gasu ba, ta sunkuya ta buɗe, ta ƙyasta ashana.

AMSA GA MASU KARE WANNAN ƊABI'A

Na san abin da za a ce, don na sha ji.

"Shekara biyu nake haka, ba abin da ya faru." Haka mai ɗaukar kaya fiye da ƙima a kwale-kwale yake cewa, kuma mu mutanen bakin ruwa mun san yadda labarin ke ƙarewa. Ranar da za ta faru guda ɗaya ce. Ita ce ranar da iskar hadari ta taso daga ruwa ta banko taga, ke kuma kina can waje kina shanya.

"Ai zan ji wari." Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari. Wani sinadari ake zuba masa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya gane. An ɗauki wannan darasin ne da tsada: a watan Maris na 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas a Amurka, ya fashe, ya kashe ɗalibai da malamai kusan 300. Amma hanci ba abin dogaro ba ne. Mai mura a lokacin hunturu ba ya ji. Kicin da ake soya kifi a ciki ƙamshi ya riga ya cika shi. Mai barci ba ya ji. Ga shi gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, daidai inda yara ke rarrafe da inda ake shimfiɗa tabarma. Kai da ke tsaye kai ne na ƙarshen ji. Kuma ba ya buƙatar yawa: kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta.

"Ba a samun kayan a Yauri." Haba ɗan'uwa! Sikirin ɗin wayarka ya fashe, ka san yadda ake yi a ba direba a tasha ya kawo maka daga Kontagora ko Sakkwato ko Kano. Tamokopul ɗin bai fi a naɗe shi a sa a aljihu ba, kuma kuɗinsa bai kai na cika tukunya mai kilo 12.5 sau ɗaya ba. Ka ɗauki hotonsa da wayarka, kai da gindi, ka auna tsawonsa, ka tura wa mai kayan gas ta WhatsApp.

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne. Amma wanda ya cire birkin mashin da hannunsa ya gangara, ba zai ɗora wa tsautsayi ba.

Ku kuma masu gyara, da ku nake. Matar nan ba ta san aikin ƙarfen ba, kai ka sani, ko kuma ya kamata ka sani kafin ka karɓi kuɗin mutane. In ba ka da kayan, ka ce ba ka da shi. In abin ya fi ƙarfinka, ka faɗa. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka karɓi kuɗi ka bar tarko a ɗakin girkin mutane, ka hau mashin ɗinka ka tafi.

GA YADDA AKE BIN MATSALAR

Sau da yawa ma ba sai an sayi komai ba. Kafin ka taɓa komai, rufe tukunya, ka buɗe taga, ka bari murhu ya huce.

1. Riƙe makunni sosai. Bayan wuta ta kama, ci gaba da danna shi har ƙarshe, ka ƙirga 15 zuwa 20 a hankali, sannan ka saki. Wasu gaggawa ce kawai matsalarsu.

2. Duba mazaunin ƙarfen. Dole harshen wuta ya riƙa lasar kansa. Garin wanke-wanke ko jan tire yakan goce. Mayar da shi a hankali, kar ka lanƙwasa bututun tagullan da ƙarfi.

3. Goge kansa. Baƙin hayaƙi da maiƙo da miyar da ta zuba sukan yi masa riga, zafi ya kasa shiga. Sanfefa mai laushi ko soson ƙarfe ya isa, a hankali.

4. Duba noti a ɗaya ƙarshen, inda bututun ya shiga bayan bawul. Da yake wutar 'yar mitsitsiya ce, ɗan sako-sako ko tsatsa ya isa ya tare ta. Ɗaure da hannu, sannan ka ƙara kwata ɗin zagaye da sufana. Kar ka matse fiye da haka, za ka lalata shi.

5. Kalli launin wutar. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tsayayya. In ta yi ja ko rawaya, tana lilo, tana baƙanta gindin tukunya, to hanyar gas ko ta iska ta toshe. A nan yankin namu manyan masu laifi uku ne: ƙurar hunturu, yanar gizo-gizo, da zanzaro da ke gina ɗakinsa na laka a cikin bututun murhu in an kwana biyu ba a kunna ba. Cire kan murhun, ka share bututun da tsohon buroshi, ka hura.

6. Koma wajen tukunya. Ko gas ya kusa ƙarewa? Ko tiyo ya lanƙwashe a bayan murhu? Ko regileta ta tsufa? In duk kawunan murhu sun yi rauni lokaci guda, laifin yana can ne.

7. In duk wannan bai yi ba, a gwada tamokopul ɗin. Kowane mai gyaran waya a bakin kasuwa yana da mitar awon wuta. A kwance shi, a sa mitar a kan milibolt, a gasa kansa da laita na kamar rabin minti. Mai lafiya zai nuna wajen 20 ko sama. In ya tsaya can ƙasa ko bai motsa ba, ya mutu, sai sabo. In kuma lafiyarsa lau amma wuta na mutuwa, maganaɗisun cikin bawul ne. Wannan ba aikin gida ba ne, a kai wa wanda ya san aikin gas, kuma kar a kunna obin ɗin kafin nan.

Duk inda aka kwance aka ɗaure, a shafa ruwan sabulu mai kumfa a mahaɗar bayan an buɗe tukunya. In kumfa na tasowa, akwai yoyo. Masu gwada yoyo da ashana, ban san me zan ce muku ba.

MASU ƘARAMAR TUKUNYA FA?

Na san yawancinmu, daga masu shayi da indomi a tasha, zuwa masu abinci a Wara da ƙauyukan Shanga, da ɗalibai a ɗakin haya, ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 ce a hannunmu, wadda ake ɗaura wa kan murhu a sama. Ita da yawancin murhun kan tebur ba su da mai gadi kwata-kwata. In wutarsu ta mutu, gas ba ya tsayawa. Kai ne mai gadin, don haka ba a ɗora tukunya a tafi hira.

Su ma an ƙirƙiro musu nasu munanan dabarun. Na farko, faɗaɗa 'yar ƙofar da gas ke fitowa, wadda masu gyara ke ce wa jet, da allura ko waya wai don wuta ta yi ƙarfi. An auna wannan ramin daidai da iskar da za ta haɗu da gas. Ka faɗaɗa shi, ka samu jar wuta, gas ya riƙa ƙarewa da wuri, ga hayaƙin nan marar wari mai kisa irin na janareta in ɗaki a rufe yake. Na biyu, kwantar da silinda ko jijjiga ta ko kara ta kusa da wuta wai don a tatse sauran gas. Abin da ke ciki ruwa ne, kuma lita ɗaya tasa tana zama kusan lita 250 ta gas. In ruwan ya biyo ta bawul, wutar da za ta tashi sai ta taɓa rufi. Silinda a tsaye take aiki, a inuwa.

In iskar bakin ruwa ce ke kashe maka wuta, ka kare ta da guntun kwano ta ɓangare uku daga ɗan nesa, ka bar sama da gaba a buɗe. Kar ka kewaye tukunyar kanta har zafi ya taru a jikinta, kuma kar ka shige ɗaki ka kulle ƙofa da taga.

IN KA JI WARIN GAS

Rufe tukunya tukuna. Buɗe ƙofa da tagogi. Fitar da yara. Kar ka kunna ko ka kashe makunnin lantarki, kar ka sa ko ka zare caja, kar ka tayar da janareta ko fanka. In kira za ka yi, fita waje ka yi. In wuta ta mutu a obin, a bar ƙofarsa a buɗe aƙalla minti biyar, sai wari ya tafi gaba ɗaya, kafin a sake ƙyasta ashana.

Hajiyar nan ta Yelwa, ban bar gidan ba sai da muka zare tsinken. Ashe notin baya ne ya saki, kan ƙarfen kuma ya sha maiƙo. Minti goma da sufana da guntun sanfefa, wuta ta zauna daram, ko sisi ba a kashe ba. Wata huɗu ta yi tana gasa kek da ƙofar gas a ɗaure a buɗe, a kan aikin minti goma.

Yanzu da ka gama karantawa, ajiye wayar ka leƙa kicin. In ka ga tsinke ko takarda ko roba a jikin makunni, zare shi yau, a daina kunna wannan wutar sai an gyara. Ka tura wa uwargida da 'yan'uwa mata masu sana'ar gashi, da mai shayin unguwarku. Wanda nasa ya ƙi zama bayan ya bi matakan nan, ya ɗauko hoton murhun da na launin wutar ya turo, mu duba tare.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, amin.