Lemun da ke ruɓewa tsakanin Gboko da Mafara

Lemun zaƙin da ake fere mana a tashar Talata Mafara, ko a tire a Bakura da Maradun, akasarinsa baƙo ne. Daga Binuwai yake tasowa, yankin Gboko da kewaye, ya yi tafiyar fiye da kilomita 800 ta Zariya da Funtuwa da Gusau. Wani ma sai ya kwana a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano kafin ya juyo yamma. Idan farashi ya tashi, kowa sai ya ce man fetur ne, ko shingayen hanya, ko tsoron 'yan bindiga da ke hana direba tafiyar dare. Duk gaskiya ne. Amma akwai kuɗin da muke biya ba tare da an faɗa mana ba: kuɗin lemun da aka zubar.

Ɓarnar tun daga gona take farawa. Mai sauri ba ya tsinka da hannu, girgiza itacen yake yi ko ya sa sanda, lemu ya faɗo ƙasa ya bugu. Ido ba ya ganin raunin a ranar. Sai an ɗura shi a buhun leda, ko an zuba shi tsibi guda a bayan babbar mota, na ƙasa na ɗauke da nauyin na sama, yaran mota kuma na zaune a kai. Lemu abu ne mai numfashi ko bayan an tsinke shi, yana fitar da zafi da danshi. A cikin buhun da iska ba ta ratsawa, ta wannan ɗan raunin fumfuna ke shiga, fari da farko, sannan kore. Guda ɗaya ya isa ya shafa wa duk waɗanda ke jingine da shi.

Sauran aikin kuma mu ke ƙarasa shi. A sauke kaya a ƙasa, cikin ranar Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba rumfa, ba wanda ya tsaya ya tsince ruɓaɓɓen tun da wuri. Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa. Ɗan tiredar da ya sayi buhu a ɗinke shi zai kwance ya ga abin da Allah Ya ba shi, sannan ya ɗora asarar a kan mai sayen uku ko huɗu don buɗa-baki.

Ana yawan cewa sai gwamnati ta kawo ɗakunan sanyi. Da wace wutar? Ni abin da nake gani ya fi wannan araha: kwandon roba mai huji, irin wanda ake jerawa wani kan wani, nauyi ya sauka a kan kwando, lemu ya sha iska. Hujjar masu ƙin sa ita ce wa zai biya kuɗin mayar da shi kudu ba komai a ciki. To, a nan muke da sa'a. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, tana ba manoman rani na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun ruwa, kuma tumatir da tattasai da albasarsu kudu suke nufa, su ma suna lalacewa a hanya. Kwandon da ya kawo lemu shi zai koma da tumatir.

Rumfa mai iska da dandamalin da zai raba kaya da ƙasa ba su fi ƙarfin ƙaramar hukumar da ke karɓar haraji duk ranar kasuwa ba. Kwandunan kuwa bai kamata a raba su kyauta a taron siyasa ba, don a mako guda za su koma gidaje ana zuba wanki. Ƙungiyar dillalai da ta manoman rani su saye su tare, su sa musu lamba, su riƙa bayar da haya, wanda ya fasa ko ya ɓatar ya biya.