Ra'ayinmu: Lissafin Dakta Maina da Rajistar Ajinmu

'Yan uwa malamai da iyalanmu, wannan shafi ya saba da maganar albashi da ƙarin girma da kuɗin hutu, kuma ba mu gaji da ita ba, domin haƙƙi ne. Amma a wannan fitowa muna neman izini mu jingine ta, mu dubi wani lissafi da aka yi nesa da Bakura, wanda a ganinmu ya taɓa aikin da muke yi da alli kowace safiya.

Mai lissafin shi ne Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe, masanin kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Maiduguri a fannin tsarin jikin ɗan Adam, daga nan ya wuce Jami'ar Sussex ta Ingila, inda ya kammala digiri na uku a 2017 a kan cutar Alzheimer, wato mantuwar nan mai tsanani da kan kama tsofaffi har mutum ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. Bincikensa ya ta'allaƙa ne a kan wani furotin mai suna tau, wanda kan dunƙule a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu cutar. Wannan aiki kaɗai ya isa a san sunansa a tsakanin abokan sana'arsa. Abin da ya jawo hankalinmu kuwa wani aiki ne dabam, wato zaman da ya yi tare da abokansa suka ƙirga abin da Afirka ta rubuta a wannan fanni.

Kafin mu kawo alƙaluman, ya kamata mu bayyana yadda ake auna mai bincike, domin ba kowa ne ya ratsa wannan hanya ba. Ana duban yawan maƙalolin da ya wallafa a mujallun da masana ke tantancewa kafin a buga. Ana duban sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a cikin nasu, suka kafa hujja da shi. Sannan ana duban su wa ya yi tarayya da su, daga wace jami'a da wace ƙasa. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ba zai ji wannan baƙon abu ba. Ai almajirin ilimi kan ce ya karɓo karatu kaza daga wurin malam wane, shi kuma daga wane, kuma darajar malami kan bayyana ne a yawan bakunan da ke jingina magana gare shi. Bambancin kawai shi ne yanzu kwamfuta ke riƙe da silsilar, tana ƙirgawa dare da rana.

A 2019 Maina da abokansa suka fara da gida. Sun tattara nazarce-nazarce 572 da aka yi a Najeriya a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi daga 1996 zuwa 2017. Idan aka raba, kimanin 26 ke nan a shekara, a ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a nahiyar. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne suka yi amfani da dabarun bincike na zamani, kuma guda ɗaya tak ya samu shiga sahun manyan mujallun duniya. A 2021 suka faɗaɗa aikin ya game Afirka baki ɗaya, aka buga shi a mujallar Nature Communications. Sun sami maƙaloli 12,326 masu ɗauke da sunan wata cibiya ta Afirka, amma da suka tace, 5,219 ne kawai ke da shaidar cewa a Afirka aka yi aikin kuma mazauna Afirka ne suka jagorance shi. Wato kusan biyar ga kowace ƙasa a shekara. Ko su ɗin ma, mafi yawansu daga ƙasashe biyar suka fito: Masar, Afirka ta Kudu, Najeriya, Maroko da Tunisiya.

Tazarar da ke tsakanin 12,326 da 5,219 ita ce ta tsaya mana a rai, domin mu mutanen Zamfara mun san ma'anarta a jikinmu. A 2010 aka gano annobar gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, daga baya Bagega. Ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ce ta fara ankarar da duniya, masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka ba dubban yara magani. Allah Ya saka musu da alheri, ba mu da abin cewa sai godiya. Daga wannan aiki aka fitar da maƙaloli da masana ke ambata, ciki har da wadda aka buga a 2014 a kan yara 972, da ta duba alaƙar yawan dalma a jini da alamu irin su jijjiga da suma. Akwai 'yan Najeriya a cikin marubutan, amma jagorancin rubutun ya fito ne daga ƙungiyoyin da suka zo taimako. Jinin na 'ya'yanmu ne, ƙasar tamu ce, tambayoyin kuwa wasu ne suka tsara su.

Baƙo mai taimako yana da ranar tafiya. Dalma kuwa takan bar tabo a ƙwaƙwalwa ko bayan ta ragu a jini, tana rage kaifin fahimta da natsuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira marar illa. Yaran da suka tsira a 2010 sun girma, da yawansu sun ratsa ta azuzuwan 'yan uwanmu malamai na Anka da Bukkuyum, waɗanda muke shiyya ɗaya da su. Yaya suka yi da karatu da lissafi? Nawa ne suka kai aji shida? Duk mai son amsa waɗannan tambayoyi, ko daga wace jami'a ya fito, dole ya durƙusa gaban rajistar aji da takardun sakamako da malamin firamare ya cika. Idan an cika su da gaskiya, an adana, akwai abin bincike. Idan an cika su ranar da aka ji mai duba makarantu na tafe, to an yi asarar shaidar da babu inda za a sake samo ta.

Ba mu ce yawan maƙala shi ne ilimi ba. Mu da aka sha auna mu da yawan takardun shaida da yawan waɗanda suka ci jarrabawa mun san yadda ma'auni kan yi ƙarya. Mutum na iya yanka bincike ɗaya gida uku don ya cika sharuɗɗan ƙarin girma, abokai na iya ta ambaton juna, kuma akwai mujallun da kuɗi kawai suke tambaya. Haka nan aikin da ya warware matsalar ƙauye guda ba lalle ne ya samu masu ambato a Turai ba. Sai dai ƙirgar Maina ba ta yabon kai ba ce. Ya ƙirga ne don a ga inda rami yake, kuma da ya gan shi sai ya ɗauko kayan aiki. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urorin hangen ƙwayoyin halitta irin waɗanda ɗaliban Arewa suka saba gani a hoto kawai. Abokan da ya yi a Sussex da ƙungiyar TReND in Africa, mai horar da matasan masu bincike a nahiyar, su ne suka zama tsani. Ga amfanin tarayya da na waje idan ɗan gida ne ke riƙe da linzami.

Za a ce mana Zamfara na fama da rashin tsaro, kuma gaskiya ne. A shekarar 2021 aka sace ɗalibai mata a Jangebe cikin Fabrairu, aka shiga kwalejin aikin gona ta nan Bakura cikin Agusta, aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun cikin Satumba, har aka rufe makarantu. Babu malamin da ya manta. Amma Yobe ce jihar Buni Yadi da Dapchi, kuma a can ɗin aka kafa cibiyar. Mu ma muna da Jami'ar Jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya a Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Maru wadda da yawanmu muka sha nononta. Gine-gine ba su yi mana ƙaranci ba kamar yadda yaro mai tambaya ya yi mana ƙaranci, kuma wannan yaro a hannunmu yake tun yana ɗan shekara shida.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Darasin kimiyya a yawancin azuzuwanmu ya zama kwafar allo da hadda. Rashin kayan aiki uzuri ne, amma bai kai yadda muke kambama shi ba. Ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro, da irinsu manyan ɗakunan bincike na duniya ke nazarin ƙwaƙwalwa da gado, kuma su ne TReND ke koyar da aiki da su saboda arharsu. Kwalba da ɓawon ayaba sun isa yaro ya ga ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙuda, ya ƙirga kwanaki, ya rubuta abin da idonsa ya gani ko da ya saɓa wa abin da yake zato. Mai bincike ba ya yin abin da ya wuce wannan, illa dai kayansa sun fi tsada.

Akwai kuma yaran da matsalar ƙwaƙwalwa ke zaune da su a kan benci. Mai wannan rubutu ya taɓa koyar da wani yaro mai farfaɗiya a wata makaranta. Ranar da ta buge shi a aji, yara suka watse don tsoron yawunsa, wani babba ya zo da cokali zai cusa masa a baki. Bayan mako biyu yaron bai sake zuwa ba, kuma abin da aka rubuta gaban sunansa shi ne ya daina zuwa, ba tare da dalili ba. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, ba a sa wa mai ita komai a baki, kwantar da shi ake yi ta gefe a kawar da abin da zai ji masa rauni, kuma mafi yawan masu ita kan samu sauƙi da magani. Haka yaron da sanƙarau ya taɓa wa ji, bayan annobar 2017 da ta fi tsanani a jiharmu, yana iya zama a bayan aji ana kiransa daƙiƙi alhali muryar malam ce ba ta isa gare shi.

Saboda haka wannan shafi na roƙon shugabannin reshe su sa abu biyu cikin ajandar taro mai zuwa. Na farko, a nemi ma'aikacin lafiya ya zo ya yi wa malamai bita ta yini ɗaya a kan farfaɗiya da raunin ji da alamun gubar dalma, a kuma amince da yadda za a riƙa rubuta dalilin barin makaranta a rajista, da sanin iyaye da kiyaye sirrin yaro. Na biyu, a rubuta wa sassan kimiyya na manyan makarantun Talata Mafara da Maru takarda, a roƙi su riƙa turo malami ko ɗalibi da madubin hangen ƙananan halittu zuwa makarantun firamare na Bakura ko da sau ɗaya a zango. Wanda ke da wata shawara a kan waɗannan ya miƙa ta ga sakataren reshe kafin ranar taro.