Injin Dizal a Motar Alfarma: Ra'ayin Wani Ɗan Gazara

Ran nan da daddare gardama ta kaure a ɗakinmu na kwanan ɗalibai tsakanin waɗansu abokaina biyu masu karatun injiniya, a kan ko ya dace a sa injin dizal a cikin motar alfarma. Ɗaya ya ce abin kunya ne mutum ya zuba miliyoyi a kan mota sa'an nan ta riƙa ƙara kamar injin niƙa. Ɗayan ya ce wannan tsohon zance ne, domin dizal na zamani ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Ni da nake karatun tarihi sai na ja bakina na yi shiru, amma maganar injin niƙan nan ta tsaya mini a rai, saboda da ƙarar irin wannan inji aka biya mini kuɗin makaranta.

Ni mutumin Gazara ne, ta ƙasar Makarfi, inda rake shi ne arziki. Kakanninmu da doki suke juya injin matse rake su dafa mazarƙwaila. Baffana da injin dizal yake matse nasa, da shi ake niƙa mana hatsi, kuma motocin da ke kwasar rake daga kasuwar Makarfi zuwa Kano da sauran garuruwa duk shi suke sha. A wurinmu sunansa gas, kuma ranar da ya yi tsada kowane gida sai ya ji a jikinsa.

Bari in fara ba abokina na biyu gaskiyarsa. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a 1897 ba shi da fulogi. Iska yake matsewa ninki 15 zuwa 20 har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mai ya kama da kansa. Wannan matsi shi ya sa yake da ƙarfin ja tun daga ƙasa, kana ya fi na fetur tattalin mai da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Kamfanin Mercedes, watau Marsandi, ya sa shi a motar hawa tun 1936, a 1978 kuma ya sa shi a babbar motarsa ta manya, 300 SD. A 2006 motar Audi mai dizal ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Saboda haka wanda ya ce injin ba zai iya ba, bai bi labari ba.

To, amma iyawa daban, dacewa daban. Falalar dizal guda biyu ce, tattali da jan kaya. Mai motar alfarma wanne yake nema a ciki? Ba rake zai ɗauka ba, kuma wanda ya iya sayen irin wannan mota ba kuɗin lita ne zai hana shi barci ba. Abin da ya biya dominsa shi ne shiru da laushi, kuma waɗannan injin fetur yana ba da su a sauƙaƙe. Kamfanin Rolls-Royce bai taɓa sayar da motar hawa mai dizal ba, Porsche kuwa da ya gwada, a 2018 ya sanar ya daina.

Shirun da abokina yake yabo kuwa, ya kamata mu san da me aka saye shi. Domin a kashe ƙara da hayaƙi, sai da aka yi nozul masu ƙofofi da ba su fi silin gashi kauri da yawa ba, aka sa matata a salansa mai tare toka, aka ƙara tankin wani ruwan magani da ake fesa wa hayaƙin, duk kwamfuta na lura da su. Ko a Turai wannan ɗawainiya ta yi wa masu ƙera motar nauyi. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa wata dabara da ke rage hayaƙi lokacin gwaji kaɗai, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11. Wannan ya zo ne shekara uku bayan da masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar.

Yanzu a ɗauko wannan mota mai tsirfa a kawo ta hanyar Zariya zuwa Kano. An ƙera ta ne domin man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fito da rahoto a kan ƙazamin man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, lokacin da dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000. ECOWAS ta tsai da kashi 50 a 2020, matatar Dangote kuma ta fara sayar da dizal a 2024, lalle an ci gaba. Amma abin da aka rubuta a takarda ba shi ne ke cikin jarkar bakin hanya ba. Na ga ranar da baffana ya sayo man da aka gauraya, injin nan nasa mai haƙuri ya yi tari ya mutu, aka kwance nozul aka wanke, kafin la'asar ya tashi. Wace Marsandi ce za a yi wa haka a gindin mangwaro? In matatar salansa ta toshe, abin da bakanike ya saba yi shi ne ya cire ta ya yar. Mai mota yana ciki gilashi a rufe, sanyi na kaɗa shi, hayaƙin kuwa rabon mai tallar gyaɗa ne da ɗan acaɓa da ke biye.

Akwai wata hujja da na so in kafa amma na ga ba ta da ƙafa, watau cewa masu kuɗi suna shanye man talaka. 'Yan motocin nan ba su kai su motsa farashi ba, manyan motoci da janaretocin masana'antu su ne mashaya. Tsadar da ta kusa durƙusar da mu a 2022, sa'ad da lita ta tashi daga wajen naira 300 ta haye 700, yaƙin Rasha da Yukren ne ya jawo ta.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? Shekaru da yawa gwamnati na tallafa wa fetur alhali ta sake wa dizal mara, don haka manyanmu ba su ko kalli motar dizal ba. Tun da aka janye tallafin ran 29 ga Mayu 2023 tazarar ta ragu, ga shi kuma Turawa suna rabuwa da nasu, dillalai na neman inda za su sauke. A nan nake kira ga yayyenmu da suka fara aikin gwamnati, domin ku ne za ku rubuta takardar sayen motar ofis. Jibga-jibgan motocin shiga daji irin su Land Cruiser da Hilux, in dai aikin rigakafi ko na malaman gona za su yi a ƙauyukan Ikara da Kudan da damina, to a sa musu dizal, nan ne gidansa. Amma in an kawo muku takardar motar ɗaukar Babban Sakatare daga gida zuwa ofis, an rubuta wai mai dizal ce domin tattali, ku tambaya a ina za a gyara ta, da wane mai za ta yi tafiya. Gwamnatin soja ta Obasanjo, bayan 1976, ta taɓa mai da manyan ma'aikata cikin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, kuma ba a fasa zuwa ofis ba.

Abokan nan nawa har yanzu ba su shirya ba. Na dai gayyace su Gazara in an fara matsar rake, su zo da kunnuwansu su ji injin a bakin aikinsa, su sha mazarƙwaila mai zafi.